RA'AYINMU: Wa Zai Tallafa wa Malamin Firamare Ya Yi Digiri na Biyu?

A duk lokacin da jami'o'i suka fitar da sanarwar ɗaukar ɗaliban digiri na biyu, 'yan uwanmu da dama sukan karanta ta da sha'awa, su yi lissafin albashinsu, sa'annan su naɗe takardar su ajiye. Ba ƙwazo suka rasa ba, domin cikinsu akwai waɗanda suka shafe shekara ashirin suna koya wa yara karatu da lissafi. Abin da suka rasa shi ne mai riƙe musu tsani.

Hanyar da kanta doguwa ce. Mafi yawanmu takardar NCE muke riƙe da ita, wadda manufar ilimi ta ƙasa ta sa a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Kafin mai wannan takarda ya yi tunanin digiri na biyu, sai ya fara yin na farko: shekara uku idan ya shiga jami'a kai tsaye a aji na biyu, ko fiye da haka idan karatun lokacin hutu ya zaɓa. Bayan ya gama, yawancin jami'o'i za su nemi digirin ya kai daraja ta biyu, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci, da takardar yi wa ƙasa hidima ko ta ɗauke masa ita, da kuma cikakken bayanin sakamakonsa daga jami'ar da ya baro. Ba mu da ja a kan waɗannan sharuɗɗa. Ilimi mai zurfi ba a samunsa da alfarma, mu kuwa da muke horar da yara a kan gaskiyar jarrabawa ba za mu nemi a sassauta mana ba.

Damuwarmu tana wajen kuɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, malamin firamare kuwa cikinsa ba ruwa. Tun bayan janye tallafin mai a 2023, jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗin rajista, kuɗin mota ya ninka, haka ma na takarda da buga kundin bincike. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai isa duk ƙananan hukumomi a lokaci ɗaya ba, alhali daga aljihun ƙananan hukumomin albashinmu yake fitowa. Magidancin da yake fama da cefane da kuɗin makarantar 'ya'yansa, ina zai samo na tasa makarantar?

Idan muka duba ƙofofin tallafi, sai mu tarar ba a yi su da awonmu ba. Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 ya shafi dukan matakan karatu, har da firamare. A 2011 aka mayar da shi TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantu kaɗai. Yau malamin jami'a ko na kwalejin ilimi yana iya samun kuɗin digiri na biyu da na uku daga wannan asusu, amma wanda ya fara ɗora masa alli a hannu ba shi da rabo. Asusun PTDF kuwa ya fi karkata ga fannonin man fetur da iskar gas. Abin da ya rage mana shi ne hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta ba kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma a ciki akwai kaso na horar da malamai. Sai dai mafi yawan wannan horo bita ce ta 'yan kwanaki. Bita tana da amfaninta, amma ba ta maye gurbin karatu mai ɗorewa.

Mun san abin da hukumomi suke tsoro: malami ya sami digiri na biyu, ya tattara ya koma kwaleji ko ma'aikata, a bar aji babu kowa. Tsoron yana da tushe. Maganinsa dai ba hana karatu ba ne, yarjejeniya ce a rubuce. Wanda aka biya wa kuɗin karatu ya sa hannu cewa zai dawo ajinsa na shekarun da aka yanka, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ita ma hukuma ta sa takardar ta yi tasiri a matakin albashinsa, yadda zaman firamare ba zai zame masa asara ba. Dokar 2022 ta tsawaita aikin malami zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ke nan malamin da ya kai arba'in da biyar yana da sauran shekaru masu yawa a gabansa, duk abin da aka kashe a kansa yara ne za su ci moriyarsa.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jiha da ta ware guraben hutun ƙaro ilimi da cikakken albashi kowace shekara, a liƙa sharuɗɗansu da sunayen waɗanda suka samu a ofishin kowane sakataren ilimi, don kada abin ya zama na wa-ka-sani. Muna kuma roƙon uwar ƙungiyarmu ta kai buƙatar keɓe wani ɓangare na kuɗin horo domin digiri a fannonin da firamare take ƙishirwa: koyar da karatu a harshen uwa, lissafin ƙananan azuzuwa, da ilimin yara masu buƙata ta musamman.

Mu ma akwai namu nauyin. Kada ɗan uwa ya biya ko kwabo sai ya tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da kwas ɗin, kada kuma ya fara karatu sai izinin hukuma yana hannunsa a rubuce. Ƙungiyoyinmu na taimakon kai da kai su duba yiwuwar bashin karatu marar ruwa. Za mu gabatar da wannan batu a taron reshe mai zuwa, muna fatan kowace makaranta ta turo wakilinta da adadin malamanta masu niyyar komawa karatu.

Allah ya ɗaukaka ilimi da ma'abotansa.