A auna ciwon sabar kafin a fitar da kuɗi

Ranar da albashi ya shiga, ko aka saki sakamakon jarrabawa, shafukan intanet na bankuna da makarantu kan fara jan ƙafa, kuma abin da shugabanni ke fara cewa shi ne a sayo sabuwar sabar. A ganina wannan gaggawa ce mai cin kuɗi. Sau da yawa cikas ɗin yana ga faifan ajiya, kuma ba a gane ciwonsa sai an auna shi daidai lokacin da cunkoso ya yi tsanani.

Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti ba ya biyan buƙatun da suka wuce kusan 100 a daƙiƙa idan bayanan a warwatse suke, domin sai allurarsa ta yi tattaki zuwa kowane gurbi. In buƙatu 500 suka zo, sauran sai su bi layi. A kan Linux, manhajar iostat tana nuna tsawon layin da irin jiran da kowace buƙata ke sha, iotop kuma ta tona wanda ya cika shi. Wani lokaci aikin kwafe bayanai ne da aka sa da tsakar rana. Wani lokaci RAM ce ta cika, na'urar ta koma jibge kayanta a faifai. Akwai ma wanda ake yawan mantawa: batirin katin RAID da ke sarrafa faifan. Idan ya mutu, abin da zafi irin namu ke gaggautawa, katin yakan daina tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa, kowane rubutu sai ya jira faifai, alhali faifan lafiyarsa ƙalau.

Za a ce SSD ya yi araha, a saya kawai a huta. Gaskiya ne faifan SSD nau'in NVMe na iya ɗaukar dubban ɗaruruwan buƙatu a daƙiƙa, kuma in awo ya nuna can ne matsalar, a saya. Amma tambayar da ke karance rumbun bayanai kaf saboda ba a yi masa fihirisa ba, za ta ci gaba da hakan a sabon faifai, kuma nauyinta zai ƙaru yayin da bayanai ke ƙaruwa. Masu cewa babu lokacin bincike ana tsakiyar rikici su ma suna da hujja. Shi ya sa ya kamata a kunna manhajar sar tun ana zaman lafiya, ta riƙa adana alƙaluma duk minti 10, domin ranar da aka cushe injiniya ya sami abin da zai kwatanta da shi.