Potiskum: Saniya na da mai tsaya mata, kwamfuta ba ta da shi

A shagunan waya da kwamfuta da dama a Potiskum, fara'ar mai shago tana da wa'adi, kuma wa'adin yana cika ne da zarar saƙon shigar kuɗi ya faɗo wayarsa. Kafin nan mai saye Alhaji ne ko Hajiya, ko da kuwa ɗalibi ne ɗan shekara 19. A jawo masa benci, a aiki yaro ya kawo ruwan leda mai sanyi. Ya dawo bayan kwana uku da laftof ɗin da batirinta ba ya riƙe wuta rabin sa'a, sallamarsa ma da ƙyar za a amsa. Maigida ya tafi Kano sari. Yaron shago, ido na kan TikTok, ya ce ba shi ya sayar ba. Ranar da aka dace da maigidan kuwa, amsoshinsa duk gari an haddace su: "Ai lafiyarta ƙalau ka fita da ita." "Wutar gidanku ce ta ƙona ta." "Wa ka ba ya buɗe?" A ƙarshe a ce masa ya yi haƙuri, kayan lantarki sai Allah.

Da a ce kwamfuta kayan ƙawa ce, da sai a ce mai saye shi ya ja wa kansa. Amma tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, don haka yaron da bai taɓa riƙe linzami ba ya shiga ɗakin jarrabawa da rabin faɗuwa. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Potiskum, da 'yan garin da ke karatu a Damaturu da Gashuwa, suna buƙatarta don aikin kammala karatu. Mai shagon buga takardu da cike fom da ita yake ciyar da iyali. Kuɗin sayenta kuma sau da yawa ba daga albashi suke fitowa ba: uba ne ya kaɗa raguna biyu kasuwa, ko uwa ta kwashi adashinta. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haye 1,500 a farkon 2024, sabuwar laftof a kwali ta fi ƙarfin mafi yawan gidaje. Abin da ya rage shi ne ta hannu, wadda ake yi wa laƙabi da Landan-yus don ta yi daɗin ji.

Hanyar da take biyowa doguwa ce. Daga tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa Alaba ko Computer Village a Ikeja, daga can zuwa Kano, wajen 'yan titin Beirut da kasuwar Farm Centre, sannan ta hau mota ta bi ta Azare, tafiyar kusan kilomita 300, ta sauka Potiskum. A kowane zango ana ɗora riba, ana kuma zare alhaki. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da abokan aikinta a tashoshin Legas ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, mafi yawa daga Turai, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun kafin su sauka. Irin waɗannan ba duka ake zubarwa ba. Akwai masu farfaɗo da su, a haɗa allon wannan da gangar jikin waccan, a goge, a naɗe a leda.

Farfaɗo da tsohon kaya sana'a ce mai kyau. Inda cutar take shi ne rufe baki. A nuna wa ɗalibi tambarin Core i7 a jikin na'ura, ba za a gaya masa cewa i7 ɗin ta shekara goma da ta wuce ba ce, wadda i3 ta zamanin nan ta fi ta gudu. A gwada masa ita tana jone da wuta, don kada batir ya tona asiri. A haɗa shi da cajar da ba tata ba. Wata ma kamfanin Turai da ya yi amfani da ita bai cire makullinsa ba, sai ranar da aka zo sake mata manhaja ta nemi kalmar sirrin da babu wanda ya sani a duk faɗin Yobe. A ɓangaren waya kuma, allon da aka canza da na roba ana rantsuwa cewa ba a taɓa buɗe wayar ba.

Mai shago ma yana da nasa kukan, kuma adalci ne a ji shi. Shi kansa ba a ba shi garanti a Kano, wanda ya sayar masa ma ba a ba shi a Legas. In ya sari guda goma, biyu suka mutu, ribar sauran ta tafi. Wutar da ake kawowa tana hawa tana sauka, janareta na ƙona caja, ƙurar hunturu da zafin bazara na cin na'ura. Akwai kuma masu sayen da za su yar da waya a ruwa su dawo suna rantsuwa haka suka gan ta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai babu ɗaya a ciki da ya hana shi cewa, "Wannan batirinta ya yi rauni, shi ya sa na rage maka."

Abin mamakin shi ne garin nan ya daɗe da sanin maganin wannan matsala. Kasuwar shanun Potiskum, wadda ke cika ranar Laraba, tana cikin manya a Afirka ta Yamma, kuma ba a kan takardun lauya take tafiya ba. Baƙo ya taso daga Kudu da miliyoyi, bai san mai saniya ba, bai san rugar da ta fito ba, amma ya san dillali. Dillali shi ne shaida, shi ke cin la'ada, kuma in daga baya ta bayyana dabbar ta sata ce, wuyansa za a fara kamawa. Shugabannin kasuwa sun san shi, sun san gidansa, sun san cewa jarinsa duka sunansa ne. Ba a ce babu cuta a tike ba, akwai ta. Amma wanda aka cuta ya san inda zai kai ƙara kafin rana ta faɗi. Wanda ya sayi laftof ta naira 250,000 kuwa, abin da ke hannunsa guntun takarda ne mai hatimi, an rubuta "HP guda ɗaya", a ƙasa kuma an buga da Turanci cewa kayan da aka saya ba a mayarwa.

Wannan rubutu na ƙasan rasit ba shi da gindi a addini, ba shi da shi a doka. Risala ta Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukan malaman garin, ta haramta algus da ɓoye aibin kaya a babin ciniki, kuma fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓi: in ya gano tsohon aibi da ba a faɗa masa ba, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ma haka ta ce da nata harshen. Ta kafa hukumar FCCPC a gurbin tsohuwar CPC ta 1992, ta wajabta wa mai sayar da kayan hannu ko gyararru ya bayyana hakan ƙarara, ta kuma ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da suka gaza ingancin da ya kamata, a gyara, ko a canza, ko a biya shi.

Hukumar tana da haƙora in ta ga dama. A Fabrairun 2024 ta garƙame kantin Sahad da ke Garki a Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin farashin kan kanta ya sha bamban da na wajen biya. A Yulin shekarar ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. To amma daga Abuja zuwa wani lungu a Potiskum akwai nisa, kuma ɗalibar da aka sayar wa mataccen batir ba za ta bar darasi ta shiga bin ofisoshi da takardar koke ba. Ko kusa ne ma, akwai kunya. Mai shagon maƙwabci ne, ko surukin wani ne, ko sahu ɗaya ake da shi a masallaci. Sai a ce ƙaddara ce, ba rabo ba ne, a haɗiye. Da wannan haɗiyewar ce mugun ɗan kasuwa yake rayuwa, shi kuma na kirki, wanda ke faɗin aibin kayansa, ya zama kamar shi ne mai tsada.

Masu saye ma ba su fita ba. Mutum ya zo yana neman mafi araha, a ce masa ga mai garanti da ƙarin dubu goma, ya ce a bar shi. Bai nemi a cire caja ya zauna rabin sa'a ya ga yadda batir ke sauka ba. Bai danna *#06# ya gwada lambar IMEI ta waya da ta jikin kwali ba, alhali a wannan zamani na ƙwacen waya, rasit marar wannan lamba ba zai fitar da shi ba ranar da 'yan sanda suka bi sawun wayar har ƙofar gidansa.

Gyaran yana hannun shugabannin masu sayar da waya da kwamfuta na garin, waɗanda dama sun iya tara kuɗin ƙungiya da sasanta rikicin 'ya'yansu. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: rasit iri ɗaya ga kowane shago, mai ɗauke da lambar na'ura da ainihin samfurinta da halin batirinta, da kwana bakwai na gwaji a rubuce, da dattawa uku da ke zama rana ɗaya a mako don jin koke, tare da amintaccen mai gyara da zai duba ya faɗi ko laifin na'ura ne ko na mai ita. Shagon da aka kama da algus sau biyu a sanar da sunansa. Masarautun Fika da Potiskum da ƙaramar hukuma suna da girman da za su sa a zauna a yi wannan, kuma hukumar kwalejin na iya liƙa sunayen shagunan da suka amince a allon sanarwa, inda sababbin ɗalibai za su gani.

Akwai dalilin gaggawa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10, kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar mafi yawan na'urorin da suka girmi zubi na takwas na Intel. Ofisoshin Turai da Amurka suna ta sauke irin waɗannan, kuma an san tashar da suke sauka. Da yawansu lafiyayyu ne, za su yi wa mai buga takardu aiki na shekaru, in an sayar masa a kan farashinsu kuma an gaya masa abin da ya saya. Wasu kuwa za su iso shago an riga an cusa masu Windows 11 ta bayan gida, allo na ƙyalli, a ɗora masu kuɗin sabon yayi.