Kwamfutar da Ta Ƙi Ƙaimi

Zancen kimiyya na yau zai fara ne daga Misfala, unguwar nan da ke kudu da Masallacin Harami a birnin Makka, inda Hausawa suka daɗe da zama.

A ɗauka ga wani saurayi can, ya tara riyal-riyal ɗinsa ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, yana haɗa wa mutane hotunan biki da ita. Ya ji an ce ana iya ƙara mata gudu fiye da yadda maƙeranta suka ƙayyade, sai ya shiga ya daɗa lambobi. Da dare ta yi sauri, ya yi murna. Gari na wayewa ya kunna, ya tarar kome ya koma yadda yake a dā. Ya sāke, ta sāke. Daga nan ya ce an sayar masa da mai aibi.

To, galibi ba aibi ba ne. Amma kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ake taɓawa.

A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan guntun abu da ba ya wuce faɗin kan sarki na wasiƙa, shi ne furosesa, watau mai lissafi. Yana aiki ne bisa bugun wani agogo, kuma bugu miliyan dubu a daƙiƙa ɗaya shi ake kira gigahaz ɗaya. Tilasta wa agogon nan ya yi sauri fiye da ƙa'ida kamar sa wa doki ƙaimi ne. Dokin zai zabura, babu shakka, amma zai nemi ƙarin abinci, zai kuma yi gumi. Abincin furosesa lantarki ne, guminsa zafi. Ga kuwa inda gizo ke saƙa: zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun. Idan aka ƙara gudu kashi 10 cikin ɗari, aka kuma ƙara ƙarfin lantarki kashi 10 domin ya ɗauki gudun, zafin da zai fito yakan ƙaru da wajen kashi 33. Riba kaɗan, hasara mai yawa.

Dalilan da kan sa saitin ya ɓace ba ɗaya ba ne, kuma mafi sauƙinsu shi ake fara dubawa. Mai kwamfuta ya kalli kwanan wata da lokaci. In su ma sun rikice duk sa'ad da aka kashe ta, to, laifin ɗan ƙaramin batir ne mai kamar kwabo, mai bolt 3, wanda ke riƙe wa Bayos tunaninsa, watau shirin farko da kan tashi kafin Windows. Canja shi ba ya cin kuɗi mai yawa. In kuwa lokaci daidai yake, sai a tambaya ina aka yi saitin. Wanda aka yi da manhaja irin su ThrottleStop ko MSI Afterburner ba a rubuce yake cikin furosesa ba. Wuta na ɗaukewa ya tafi, sai fa an umurci manhajar ta maido shi a kowane tashi. Har wa yau, idan na'urar ta maƙale aka kashe ta da ƙarfi, wadansu manhajoji da Bayos da gangan suke komawa ga saitin asali, domin kada ta riƙa faɗuwa a rami ɗaya.

Akwai kuma ƙofar da aka kulle. A watan Disamba na 2019 masana daga jami'o'in Birmingham ta Ingila, da Leuven ta Beljiyam, da Graz ta Ostiriya suka bayyana wata kafa da suka kira Plundervolt. Sun nuna cewa ta wasa da ƙarfin lantarkin da ke shiga furosesan Intel ana iya sa shi kuskuren lissafi har a tono asirin da aka ɓoye. Bayan haka aka fitar da gyara, maƙera da yawa suka toshe hanyar taɓa lantarkin. Mai irin wannan na'ura zai rubuta lamba, manhaja ta karɓa, furosesa ya yi kunnen ƙashi. Abin takaici a nan shi ne, rage lantarki, wanda shi ne dabara mai amfani ga mazaunin ƙasar zafi, shi kullen ya fi shafa.

Amma babban dalili a Misfala shi ne Misfala kanta. Sau da yawa saitin yana nan bai ɓace ba, furosesan ne ya ja wa kansa linzami. An gina shi da ma'aunin zafi a cikinsa, in ya kusa digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Maƙeran irin waɗannan na'urori sukan rubuta cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Makka kuwa kwari ce tsakanin duwatsu, da bazara zafinta kan haura 40 kwana da kwanaki, kuma a watan Yuni na 2024 an auna 51.8 a Harami. Fankar kwamfuta ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar ɗaki take ja. In ɗakin ba shi da na'urar sanyaya iska, wadda mutanen Makka ke kira mukayyif, ko kuwa an ɗora kwamfutar bisa katifa ko darduma ta toshe mata hanci, to, da iska mai zafi ake neman kashe zafi. Ga ƙura kuma, wadda kan taru a bakin fanka ta zama kamar auduga.

Saboda haka ra'ayin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, saurayin nan ya bar ƙaimi ya koma ga kiwo. Babbar kwamfuta ta tebur tana da fili da manyan fankoki, tana iya jure zaburarwa. Ta tafi-da-gidanka an matse kome cikin kaurin littafi, batir na kwance kusa da wuta, shi kuwa batir zafi ne ke tsufar da shi, har wani lokaci ya kumbura. Wanda abincinsa ya rataya ga na'ura ɗaya tak, in ta mutu ranar da mai biki ke jiran hotunansa, daƙiƙun da ya ci riba jiya ba za su biya shi ba.

Wani zai ce ai da kuɗinsa ya saya, yana da ikon ya hore ta yadda ya so. Gaskiya ne, kuma kullen da maƙera ke yi ba tare da bayani ba abin ƙorafi ne. Sai dai akwai gudun da ya riga ya biya wanda bai taɓa samu ba, gama zafi ya cinye shi. A kai ta wurin mai gyara ya buɗe, ya hure ƙurar, ya sāke man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, domin yakan bushe bayan 'yan shekaru. A ɗaga bayanta daga tebur kamar yatsa biyu. A yi amfani da cajarta ta asali, gama ƙaramar caja kan sa ta rage gudu ko da sanyi ake. Aiki mai nauyi kuma a bar shi sai bayan lisha, ko da sassafe kafin rana ta hau kan duwatsu.