Ku daina ɗora wa kafireta laifin komai

1/ Ra'ayina ne, kuma na san wasu bakanikai ba za su so shi ba: idan injin tsohuwar mota ya fara rawa da tari, kafireta ce ya kamata a taɓa a ƙarshe. Amma mu nan da ita ake farawa. Bari in yi bayani da Peugeot 504, Fijon iyayenmu.

2/ A 1968 aka fito da ita a Faransa, daga baya PAN ya riƙa haɗa ta a Kaduna. Ba ta da kwamfuta, ba inda za ka jona na'ura ta faɗa maka ciwonta. Kunne ne da ido da haƙuri.

3/ Abu uku inji ke buƙata: wuta, mai da iska daidai gwargwado, sai matsi a cikin silinda. Wuta ta fi sauƙin dubawa, ta fi arha. To me ya sa ake tsallake ta?

4/ Bar motar a silo. Da filaya mai roba a hannu, zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka zare sautin inji bai canza ba, wannan silindar ce ba ta aiki. Hannu tsirara kuwa, wallahi za ka ji a jikinka.

5/ Ciro fulogin ka kalle shi. Ruwan ƙasa, lafiya lau. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Jiƙe da baƙin mai, zargi ya koma kan ringi ko bawul.

6/ Sai distiributa: kwantak da ya ci, murfi mai tsaga, ko wayoyin da aka sauya wa wuri. Jerin wutar 504 mai silinda 4 shi ne 1-3-4-2. Ruɗa biyu kawai, mota ta haukace.

7/ Tana rawa a silo amma ta daidaita in ka ba ta totur? Nemi tiyon da ya fashe yana jan iska. Duba filtar mai ma, tsohon tanki ba ya rasa tsatsa.

8/ Eh, kafireta na toshewa, musamman da ƙurar hunturu da man bumburutu. Ban musa ba. Amma in ka murɗa ta kafin ka duba wuta, ka ƙara ciwo na biyu kan na farko.

9/ A haka ake kashe kuɗi kan kayan da ba su lalace ba, mai mota ya gaji, ya sallama ta ga 'yan gwangwan saboda fulogi guda.

10/ Mu ɗalibai masu son injiniya, dattawan da suka san waɗannan injuna da kunne suna ƙarewa. A hutun nan ku je gareji, ku gaida Baba, ku riƙe masa sifana ku yi tambaya.