Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Mu Marubuta Da 'Yan Matan Da Ke Karatun Kwamfutar Alli



Makon nan da faɗa na zo, kuma da mu nake. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kwanan baya a wani zama na marubuta aka nuna mana hoton wasu yara mata sanye da hijabai, sun kewaye tebur guda, wata malama ta ɗaga maus tana nuna musu. Sai wani ɗan uwa da nake girmama alƙalaminsa ya ce, "Duniya tana maganar ƙirƙirarriyar basira, mu muna nan muna koya wa yara sunan maus." Aka bushe da dariya. Ni ban yi ba, ga kuma dalilina.

Ina da 'yar yaya a wani ƙauye a ƙasar Kiru, gaba da Kwanar Dangora. Tun tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare take darasin kwamfuta. Na ga littafinta da idona. Ta zana monita da rula, ta zana kibod har da ƙananan akwatunansa, ta ja kibiya ta rubuta sunan kowanne da Turanci. Ma'anar kwamfuta kuwa ta haddace ta, tana zubo ta ba gargada. Da wannan ta yi ta cin jarrabawar aji. Amma duk kwamfutar da ta sani ta alli ce, wadda malami yake zanawa a allo, a goge idan an buga ƙararrawa. Ranar da ta fara ɗora hannu a kan ta gaske ita ce ranar jarrabawar JAMB.

Da ta dawo na ce, "Yaya dai?" Ta ce, "Anti, da na taɓa abin nan sai kibiyar ta gudu, na rasa inda ta shiga. Kuma na ji kunyar ɗaga hannu, kowa yana ta aikinsa." Ta daɗe tana zaune kafin wani mai sa ido ya lura da ita.

Mu yi lissafi. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yarinyar da ta ɓata minti goma tana neman kibiya, ta yi asarar lokacin tambayoyi 15. Gaskiya ne a 2017 hukumar ta sauƙaƙa, ta yadda da madannai takwas za a iya gama jarrabawar ba tare da maus ba: A, B, C, D na zaɓen amsa, sai N na gaba, P na baya, S na miƙawa da R na komawa. To amma haruffan kibod ba a jere suke kamar yadda ta koya a aji ɗaya ba. Wadda ba ta taɓa ganinsa ba, neman harafin N kaɗai aiki ne, ga hannu yana rawa, ga agogo yana tafiya a gabanta. Ita ma WAEC ta fara tata da kwamfuta a 2024 ga masu zana ta 'yan waje. Ƙofar makarantar koyon aikin jinya, da ta kwalejin ilimi, da ta jami'a, yanzu makullinta yana kan tebur ɗin nan da aka yi wa dariya.

Kullum muna kukan babu likitoci mata, babu ungozoma, babu malamai mata a karkara. Daga ina za su fito? Daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa za su fito, don 'yar birni ba kasafai take yarda a tura ta Riruwai ba. Yankin nan ba matattarar ragwaye ba ne. Ruwan Tiga da ke ƙasar Bebeji, wanda aka datse zamanin Audu Bako, shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi, kuma bai zama attajirin da ya zama ba sai da ya rungumi kayan zamaninsa, jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Yarinyar da take tafiyar ƙafa zuwa makaranta a gefen dajin Falgore ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. Ba a dai taɓa ba ta abin ta riƙe ba.

Ba malaminta nake zargi ba. Mutumin da aka ba manhajar karatu aka hana shi na'ura, in bai zana ba me zai yi? Kuma ba cewa nake ba a komai ba. Cibiyar CITAD a Kano ta shafe shekaru tana horar da mata a fannin. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2020, Kano tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, kuma koyar da fasahar zamani yana cikin ayyukansa. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Madalla. Amma ko an sauke kwamfuta dubu a Doguwa, na'ura ba ta bayanin kanta. Sai an sami wanda zai yi bayaninta da harshen da yarinya take tunani da shi. Wannan kuwa ba ya bukatar wutar lantarki ko kwangila. Marubuci yake bukata. A nan laifinmu yake.

Bari in gwada muku abin da nake nufi. Da na zaunar da 'yar tawa daga baya, ban ce ta haddace komai ba. Na ce mata, "Kin ga gidanku? Akwai rumbu, inda hatsi yake kwana ko shekara ce. A kwamfuta shi ne ma'ajiya, duk abin da kika adana yana nan ko an kashe ta. Akwai faifai, wanda ake ɗebo abin da za a yi aiki da shi yanzu. Shi ake kira RAM. Idan faifan ƙarami ne aiki ba ya sauri, idan kuma aka ɗauke wuta kafin ki mayar rumbu, na kan faifai ya zube. Shi ya sa ake cewa ki riƙa adanawa. Akwai mai aikin kanta, wadda take tankaɗe da girki, ita ce 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin nan. Kibod da maus su ne bakinki, da su kike gaya mata abin da kike so. Monita da firinta su ne akushin da take miƙo miki abin da ta gama." Maus ɗin ma na ce ta kira shi linzami, kamar yadda wasu suka fassara, tunda da shi ake juya akalar kibiya. Na sa ta ɗaga shi sama ta ga kibiyar ta tsaya, ta ajiye ta ga ta motsa. Ta yi dariya ta ce, "Ashe dai ba guduwa take ba."

Yammaci guda ya ɗauke mu. Abin da shekaru shida na zane ba su ba ta ba.

Yanzu ku gaya min, mu da muke iya cika shafi biyar wajen siffanta leshin amarya da fankan ɗakinta, me ya hana mu rubuta wannan? Littattafanmu cike suke da jaruma mai buɗe laftof a Dubai, ba mu taɓa faɗin yadda ta koya ba. 'Yar ƙauye kuwa mun ajiye ta don ban dariya: ta ga firji ta ruga, ta ga talabijin ta gaishe da mutanen ciki. Yaran nan suna karanta mu fa. A wayoyin yayyensu suke bin labaranmu shafi bayan shafi. Mun koya musu cewa na'ura ta 'yar masu kuɗi ce, su kuma abin da ya dace da su shi ne kunya. Kunyar da ta hana 'yata ɗaga hannu a ɗakin jarrabawa, muna da kaso a cikinta.

Kuma kada mu cika baki, da yawanmu ba mu fi su da komai ba. Ni nan na taɓa rubuta labari mai babi arba'in a waya, wayar ta faɗa ruwa, komai ya tafi, don ban san bambancin rumbu da faifai ba, balle in ajiye kwafi a wani wuri. Na taɓa kai rubutu wani shagon buga takardu, aka dawo min da shi babu ƙugiya ko ɗaya. Baƙi suka koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Ban iya gyarawa da kaina ba, sai na biya kuɗi sau biyu. Alhali tun shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da haruffan Hausa masu ƙugiya na kwamfuta, yau kuma akwai su a kibod ɗin kusan kowace waya. Marubucin da bai san kayan aikinsa ba, kullum a hannun wani yake.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce waya ta wadatar. Waya ma kwamfuta ce, tana da ma'ajiya da RAM da ƙwaƙwalwa, kuma da ita ya kamata a fara bayani tunda yara sun san memori da caji. Amma JAMB ba ta waya ake yi ba, kuma ofishin da zai ɗauke ta aiki ba zai ce ta shigar da bayanai da babban yatsa ba.

Wani zai ce babu wuta. Haka ne. Amma garin da ake cajin waya hamsin a shago guda da sola, ba zai gagara cajin laftof ɗaya ba. Kibod ɗin da ya lalace ma yana koyar da wurin haruffa, ko ba a jona shi da komai ba.

Wani zai ce tarbiyya, wai na'ura za ta buɗe wa yarinya ido. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba na raina ta. Sai dai kwamfutar da ke kan tebur a gaban malama, babu intanet a cikinta, ba ita ce abin tsoro ba. Wadda 'yan damfara suke cuta ita ce wadda ba ta san me take dannawa ba, wadda take miƙa wa wani saurayi wayarta da lambar sirrinta ya buɗe mata asusu. Jahilci bai taɓa zama katanga ba. Kuma kai ilimi ga matan karkara da harshensu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta san Larabci sarai, amma ta yi waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajis, suka bi ƙauyuka suna karantar da mata. Ita ma marubuciya ce. Ba ta tsaya yi wa 'yan ƙauye dariya ba.

Shi kuma ɗan uwana mai maganar ƙirƙirarriyar basira, tambaya ɗaya gare shi: wa ya taɓa yin tilawa bai fara da babbaƙu ba? Wadda za ta yi aiki da waccan basirar gobe, yau sai ta san inda ake kunna na'urar.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba ya cin kuɗi.

Na farko, kowane ɗayanmu ya ɗauki ɓangare guda na kwamfuta, ya rubuta bayaninsa da Hausar da 'yar shekara goma sha biyu za ta gane, kada ya wuce shafi ɗaya. Kalmar da ta riga ta zauna a bakin mutane, irin su kibod da firinta, a bar ta. A haɗa da yadda ake rubuta ta da Turanci, tunda da shi za ta gamu a jarrabawa. Mu tattara, mu tace, mu fitar da ɗan littafi da malami zai iya ɗaukar hotonsa a raba.

Na biyu, masu ƙagaggun labarai, a ba mu jaruma 'yar Tudun Wada wadda ta koyi na'ura a gaban idon mai karatu, da kuskurenta da komai. Masu waƙa, ku da kuke iya tsara baiti talatin a kan ido da gira, a tsara mana goma a kan madannai takwas ɗin nan.

Na uku, wanda yake da laftof kuma yana zuwa gida hutu ko sallah, ya tafi da ita. A nemi izinin iyaye, a tara yara biyar a tsakar gida, kowace ta kunna, ta rubuta sunanta, ta adana, ta kashe. Kada a riƙe musu hannu, kada a yi musu tsawa idan sun danna ba daidai ba.

Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC take nuna mana irin labaran da ke cikin matan Arewa. Wasu labaran suna can Bebeji da Doguwa, ba su sami hanyar fitowa ba. Masu su su ne masu karatunmu na yau, su ne kuma za su gaje mu.

'Yar tawa ta sake zama jarrabawar a shekarar da ta biyo, wannan karon ta san inda N yake. Shekara guda ta tafi a banza saboda abin da ake koya a yammaci ɗaya, kuma ita ta yi sa'a mahaifinta ya yarda ya sake biya. Sa'o'inta da yawa daga wannan zama guda sai gida.

Ni na ɗauki kibod, zan kawo nawa shafin mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wa zai ɗauki linzami?

Allah Ya sa mu dace.