Sabon Babur: A Fara Da Kariya

Mun ga samarinmu na Kebbe da sunka sayi Boxer ta farko suna zuba kuɗi ga fitilun ado da huda salansa. Ɓarna ce.

Mu dai a ganinmu, a fara da kariya. Mai walda ya ƙarfafa ta, amma kar ya ja ta har ta wuce tayar baya. Buhun gero in ya zauna can, gaba sai ya yi sama, kan babur ya ƙwace cikin rairayi tun ba a kai Tambuwal ba. Sannan a sa shokozoba mai ƙarfi. Madubi kuwa a bar shi inda yake.

Kuma kar a yarda a yanka firam. Ranar sayarwa, nan dillali ke fara dubawa.