Dajin Wa Ne?

Ni ɗan Bogo ne, jikan maharbi, ina zaune a Garwa. Duk rani Turawa na sauka a filin jirginmu da bindigogi, su wuce gandun farautar da gwamnati ta ba da haya kewaye da Faro, a gindin duwatsun Atlantika. Bature ya harbe ɓauna a ce masa baƙo. Makiyayinmu ya ratsa da shanu a ce masa ɓarawon daji. Wai kuɗin Turawan ne ke kare namun. To, ina kuɗin yake a 2012, da mahaya dawakai suka karkashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida? A kare daji, na yarda. Amma kar a sayar mana da shi kuma a kore mu.